Fatsa da gashin zabo a tabkin Gidimuni: abin da na yi daga bazara zuwa damina

Alhamis, 8 ga Mayu

Aikin da na ɗaukar wa kaina bana shi ne in gano ko karfasa da tarwaɗar tabkunanmu za su ci ƙugiyar da ba a sa mata koto ba, sai gashin tsuntsu da zare da aka naɗa mata har ta yi siffar ƙwaro. Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da idona ya gani, don wanda yake son ɗorawa daga inda na tsaya ya samu madafa.

Dabarar ba don kifinmu aka yi ta ba. An yi ta ne don turwit, kifin kogunan sanyi na Turai da Amurka, wanda ƙwari suke cikin manyan abincinsa. Ruwa mai gudu yake so, mai zafin digiri 12 zuwa 18. Idan ruwa ya haura 20 ya shiga wahala, wajen 25 kuwa mutuwa yake. Dalilin a fili yake: ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. Lita ɗaya a digiri 10 tana ɗauke da wajen miligiram 11, a digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. Saboda haka kada wani ya yi tunanin zuba turwit a Korama. A Afirka sai kan tsaunuka ake samun sa: tsaunukan Atlas na Maroko inda yake ɗan asali, da Lesoto, da Kenya, inda Ewart Grogan ya sa aka kawo ƙwansa a 1905 aka zuba a kogin Gura na tsaunukan Aberdare. Yau Kenya tana cikin ƙasashen da suka fi ɗaure ƙwarin gashi suna sayar wa duniya, kuma da hannu ake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kama zuciyata shi ne sha'anin lokaci. A kudancin Ingila, a kogunan Test da Itchen, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ne wani ƙwaro yake fitowa daga ruwa. Yakan yi wajen shekara biyu yana tsutsa a cikin lakar gindin kogi, sannan ya taso ya yi fikafikai, ya yi ƴan kwanaki ba ya cin komai, ya zuba ƙwai ya mutu. A waɗannan makwanni har manyan turwit masu wayo sukan manta da tsoro su taso saman ruwa suna ci. Masu fatsa can shekara guda suke jiran wannan lokaci. To mu ma muna da namu: daren da shinge, wato gara mai fikafikai, ya fito bayan ruwan farko. Duk wanda ya taɓa zama bakin tabki a irin wannan dare ya ji yadda ruwa yake motsi. Tambayar da nake son amsawa ke nan, kuma saboda ita na fara tun yanzu, kafin hadari ya haɗu.

Yau ranar kasuwa ce, na zagaya kasuwar Dole ta Damagaram. Na sami ƙananan ƙugiyoyi lamba 12 da 14 (a lissafin ƙugiya, yadda lamba ta ƙaru haka ƙugiyar take ƙanƙancewa), da zaren lilo kauri biyu, milimita 0.16 da 0.25, da zaren ɗinki baƙi da ja da ruwan ƙasa. Masu fige kaji sun ba ni gashin zabo da na wuyan zakara kyauta, har suna ƙara mini. Wurin mai gyaran fanka na karɓi tsohon naɗin jar waya, siririya ƙwarai. Duka kuɗin da na kashe bai kai jikka biyu ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kwanakin nan ɗauri nake yi bayan isha'i, idan zafi ya ɗan lafa. Filaya ce take riƙe mini ƙugiya. Na ɗaure hannuwanta da robar tayar keke, na danne ta a gefen tebur. Zaren sai an goga masa kakin zuma kafin ya kama ƙarfe, kuma ɗigon jan farce marar launi yake kulle ƙullin ƙarshe.

Iri biyu na fara da su, kuma duka biyun tsofaffin dabaru ne. Na farko na wani marubucin Rum ne mai suna Aelian, wanda wajen shekara ta 200 ya bayyana yadda mutanen Masedoniya suke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifi. Na yi shi da jan zare. Na biyu na Frank Sawyer ne, mai gadin kogin Avon a Ingila, wanda ya riƙa ɗaure tsutsar ƙarya da jar waya da ƴan silin gashin wutsiyar wani tsuntsun dawa, ba tare da zare ba ko kaɗan, don wayar ta ba ta nauyin nutsewa. Ba mu da tsuntsunsa, amma gashin zabo yana da ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ke sa jikin tsutsar ya fito gaɓa-gaɓa. A ganina ya fi kyau ma.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce wurgi. A fatsar da muka saba, dalma ko koto ne ke da nauyi, shi yake jan zare. A nan ƙwaron ba shi da nauyin komai, igiyar ce take ɗaukar sa. Turawa suna da igiya ta musamman mai rufin roba da ƙarfen naɗe ta, kuma babu su a kasuwarmu. Sai na bi hanyar mutanen tsaunukan Japan, wadda suke kira tenkara: doguwar sanda, igiya ɗaure a bakinta, ƙwaro, shi ke nan. Wani ɗan'uwa mai zuwa Kano saro kaya ya taho mini da sanda mai shigewa cikin juna, mita 4 da rabi. Igiyar kuwa da kaina na tuƙa ta daga zaren lilo, sili shida a gindi, huɗu a tsakiya, biyu a baki, ta yadda ƙarfin wurgi zai bi ta yana raguwa har ƙwaron ya sauka a hankali. A bakinta na ƙulla mita ɗaya na siririn zaren.

A tsakar gida nake koyo, da tsumma a madadin ƙugiya saboda yara. Sanda ta tashi baya ta tsaya daidai kai, a dakata igiya ta miƙe, sannan a kawo ta gaba a tsaya. Dakatawar nan ita ce duka sirrin. Ɗan wana da ke zaune wurina ya riga ya iya, hannunsa ya fi laushi.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun bar Damagaram kafin asuba a kan babur, muka bi hanyar Gure, muka wuce Mirya gari bai waye ba. Gidimuni dai wanda bai san ta ba zai yi mamaki: bayan duwatsu da rairayi sai ga ruwa shimfiɗe, ga dabino, ga garake kore shar a tsakiyar bazara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne yake ciyar da tabkin, shi ya sa ba ya jiran damina. A 2019 aka sa shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, bayan tabkin Lasuri da ya shiga tun 2005.

Ban jefa ƙugiya ba sai da na bi ta ƙofa. Takardar izinin kamun kifi tana wurin ma'aikatan gandun daji, kuma na riga na nema. Amma ruwa yana da masu shi. Na sami sarkin ruwa a ƙarƙashin rumfa yana gyaran birgi, na durƙusa na gaishe shi, na buɗe gwangwanin ƙwarina a gabansa. Ya ɗauki jan ya juya shi a tafin hannu.

"Malam, wannan ba ya wari. Kifi hanci gare shi."

"Gaskiya ne, Baba. Ido nake so in yaudara."

"To karfasa dai tana da ido. Tarwaɗa kuwa sai dai ta ji motsi. Je ka, amma ka nisanci inda muka kafa mali, kuma kada ka shiga gaban masu taru."

Wannan magana tasa ita ce ta zama tsarin aikina gaba ɗaya.

Da sassafe na ga abin da ya sa gabana faɗuwa don murna: bakunan karfasa birjik a saman ruwa kusa da kacalla. Na sauke musu ƙwaro a gabansu, ko kallo bai ishe su ba. Da na tsaya na lura sai na ga ba ci suke ba, shaƙa suke. Da dare ciyayi da gansakuka ba sa fitar da oksijin, sai dai su sha wanda ke akwai, don haka da asuba ne ruwa ya fi talaucin iska, kifi ya taso yana lasar fatar ruwa. Da rana ta ɗaga suka koma ƙasa. Wanda zai gwada wannan fatsa ya riƙe wannan: taron bakuna da asuba ba alamar yunwa ba ce. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 28 da safe a gefe, da azahar ya kai 33.

Sauran yinin ban yi fatsa sosai ba, bincike na yi. Na debi laka da rariya na wanke, na sami jajayen tsutsotsi sirara da ba su kai santimita biyu ba, waɗanda ke zama ƙwarin nan masu kama da sauro da ba sa cizo. A jikin karan kacalla akwai ƙananan tsutsotsi masu ƙafa shida, ruwan ƙasa, da ɓawon waɗanda suka riga suka fita. Ga talibambam, ga ƴan katantanwa. Jan zaren Aelian da tsutsar Sawyer duka suna da ƴan'uwa a wannan ruwa.

Laraba, 28 ga Mayu

Katantanwar nan ta sa na yanke shawara: ba zan shiga ruwa ba, kuma yaron ma ba zai shiga ba. Masu kamun turwit cikin kogi suke tsayawa har ƙugu, amma su ba su da tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin katantanwar ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mutum. Daga gaɓa za mu yi komai, kuma tsawon sandar ya ishe mu. Na kuma danne ƴar ƙayar da ke bakin kowace ƙugiya da filaya, don a zare ta ba tare da yage bakin kifi ba.

Shamuwa sun sauka kan itatuwan unguwarmu. Iska ta fara juyowa daga kudu maso yamma.

Asabar, 14 ga Yuni

Hidimar Babbar Sallah da aikin makaranta sun riƙe ni, sai yau na koma. Ribar da na ci a Sallah ita ce gashin akuya da na wutsiyar rago da na tsinta wurin masu jima, na wanke da sabulu na shanya.

Yau karfasa ta ci. Wajen hantsi ne, a wata ƴar kafa tsakanin kacalla da ganyen bado, inda zurfin bai wuce mita ɗaya ba. Na sauke tsutsar jar waya na bar ta ta nutse, sannan na ɗaga bakin sanda sannu a hankali, yadda tsutsa mai rai take tasowa. A wannan ɗagawar ce igiya ta tsaya cak. Ba a jin fizga irin ta mai koto, don kifin yana tsotsa ne ya tofar nan take idan ya ji ƙarfe. Ido ne zai tsaya a kan inda igiya ta shiga ruwa, da ta yi wani motsi a ɗaga hannu. Da na gane wannan sai ci ya yi ta zuwa har rana ta take.

Amma akwai abin lura. Kusan duk waɗanda suka ci ko dai ƙanana ne, tsawon yatsa zuwa tafin hannu, ko kuma irin nan mai jan ciki da baƙin tabo a ƙayar baya. Babbar karfasa mai zane-zane a wutsiya, wadda masunta suka fi so, tana wucewa ta gefen ƙwaron ba ruwanta. Na sayi ɗaya wurin masu taru na buɗe cikinta: kore ne zalla, gansakuka da ƙananan tsirran ruwa. Ita idan ta girma tace ruwa take yi, ƙwari abincin ƙuruciyarta ne. Cikin mai jan ciki kuwa akwai guntayen ganye da jajayen tsutsotsin nan. Ke nan ba kowace karfasa ce ta fatsar gashi ba, kuma ban ga amfanin in ɓoye wannan don in ƙawata aikin ba. Wanda yake neman abin da zai cika kwando ya kai kasuwa, taru ya fi masa.

Jan zaren ya fi ci inda gindin laka ne, gashin zabo ya fi ci a jikin kacalla. Ƙwarin da ke zama saman ruwa har yanzu ba su samu kasuwa ba.

Talata, 24 ga Yuni

Jiya da la'asar hadari ya taso daga gabas, ƙura ta rufe gari, sannan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da magariba shinge ya fito. Yara sun jera kwanonin ruwa ƙarƙashin fitilu suna tara na suya, ni kuma na roƙi ƴan kaɗan masu rai na zuba a kwalba.

Na daɗe ina duban su. Jikin bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, ruwan ƙasa mai duhu a baya, ciki ya fi haske, kuma mai maiƙo ne, shi ya sa kowa yake son sa, daga mutum har kaza da ƙadangare. Fikafikai huɗu ne, tsawonsu ɗaya, sun ninka jikin. Abin da na fi buƙatar sani shi ne yadda yake zama idan ya faɗa ruwa, don haka na jefa wasu cikin baho. Ba ya tsayawa a kan ƙafafu yadda ƙwaron Ingila yake yi. Fikafikan ne suke mannewa a fatar ruwa a baje, jikin ya ɗan nutse, yana ta karkarwa yana aika ƙananan da'irori. Wasu fikafikan sukan cire su bar jikin shi kaɗai. Na sa ɗan wana ya riƙe kwanon gilashi sama na leƙa ta ƙasa, don abin da kifi yake gani ke nan: baƙin jiki a tsakiya, da haske-haske a gefe biyu.

Bisa wannan na ɗaura. Jiki: siririn yanki na tsohon silifa ruwan ƙasa, don ya hana ƙugiya nutsewa, na matse shi da zare gida uku. Fikafikai: na gwada leda, tana murɗa zare idan an wurga, na gwada gashin zakara, ya yi tsaye da yawa, farin gashin akuya ne ya zauna daidai, na raba shi biyu na kwantar da shi baya a baje. Ƙafafu: zagaye ɗaya na gashin zabo, mai laushi ne, ko ba a motsa sanda ba yana motsi da kansa. Na yi wasu a lamba 12 don karfasa, wasu a babbar ƙugiya mai kauri don tarwaɗa.

Inna ta leƙo ta ga tebur, ta ɗauki ɗaya za ta jefa wa kaza, sai da na riƙe hannunta.

Asabar, 28 ga Yuni

Shinge ba ya sanarwa, sai dai a bi hadari. Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ga gabas ta yi baƙi, muka kama hanya, muka kwana gidan wani abokin aiki da ke koyarwa a can. Ruwan ya same mu muna shiga gari. Ya ɗauke kafin faɗuwar rana, iska ta kwanta, ƙasa tana tururi.

Mun tsaya a gaɓar da ke kusa da wasu manyan suri a bayan garake. Da farko tsuntsaye ne suka ba da labari, suna ta shawagi ƙasa-ƙasa. Sannan shingen ya fara tashi, ƴar iskar da ta rage tana kora shi kan ruwa. Shi ba gwanin tashi ba ne, da yawa a tabkin suka ƙare. Cikin ɗan lokaci ruwan da yake kwance ya rikice.

Ci iri biyu ne, kuma kunne yana rarrabe su. Karfasa tana ɗauka da ɗan tsotso, da'ira ƙarama. Har manyan nan masu zanen wutsiya da suka ƙi ni makonni biyu da suka wuce sun taso. Ashe ranar shinge ba mai tsayawa kan gansakuka. Na sauke ƙwaron silifa kusa da wata da nake ganin bayanta, na bar shi shiru, sannan na kaɗa bakin sanda da yatsa don ya yi karkarwar nan. Ta juyo ta ɗauka ba gardama. Ta fi tafin hannuna da yatsu, kuma a kan sanda mai laushi irin wannan ta ja har sai da na bi ta da ƙafa a gaɓa. Ita ce kifin da na fara wannan aiki dominta.

Da duhu ya fara shiga sai tarwaɗa ta karɓi fili. Ita ba ta ɓoye kanta: gashin bakinta ne yake fara fitowa yana shara saman ruwa, sai baki ya buɗe da ƙara. Maganar sarkin ruwa ta tabbata, ƙwaron da ke kwance shiru ba ta kula shi. Sai na canza zuwa zaren 0.25 da babbar ƙugiya, na riƙa buga ƙwaron a ruwa da ɗan ƙarfi, abin da mai kamun turwit zai kira ɓarna. Bugun ne yake kiran ta. Waɗanda ba su wuce tsawon kamu ɗaya ba sun fito lafiya. Wata babba ta ɗauka ta nufi cikin kacalla kai tsaye, kuma da yake sandar ba ta da ƙarfen sakin igiya, siririn zaren ne ya tsinke. Haka aka tsara shi, gara zare ya tafi da sanda ta karye. Wajen cire ƙugiya a kula da ƙayoyin gefen tarwaɗa biyu, a kama ta ta bayansu da jiƙaƙƙen tsumma.

Wasu samarin masunta sun taru a bayanmu da tocila. Ɗaya ya ce, "Malam, ba ni in gwada." Na miƙa masa. Mutumin da ya tashi yana jefa birgi ba a koya masa lokacin sakin hannu. Kafin in gama bayani ya fitar da tarwaɗa. Ya duba ƙwaron ya ga bai lalace ba, ya sake jefawa da shi. Abin da ya burge shi ke nan, ba sai an tsaya sa sabon koto a duhu ba. Na bar masa guda cikin nawa.

Duka abin bai kai tsakanin magariba da isha'i ba. Da safe fikafikai ne kawai iska ta tara a gaɓa, kifin kuma ya ƙoshi, ba abin da ya taɓa har muka taho.

Asabar, 5 ga Yuli

Ruwan gangare ya shigo, gefen tabkin ya yi ja, ba a ganin abin da ya wuce kamu ɗaya. Tsutsar zabo ta ɓace a cikinsa. Baƙi ne yake aiki yanzu: baƙin zare, jiki mai kauri, gashin baƙar kaza a wutsiya, ana ja ana tsayawa kamar talibambam. Tarwaɗa ta hau cikin ciyawar da ruwa ya rufe, lokacin zuba ƙwanta ne, kuma a nan yara suke bin ta da sanduna.

A wani lungu mai rairayi da ruwan bai gurɓace ba na tarar da gidajen karfasa, ramuka zagayayyu masu faɗin faifai, kowanne da namiji a kai yana gadi. Idan ƙwaro ya faɗa ciki sai ya ɗauke shi da baki ya fitar waje. Ana iya kama su duka a yini ɗaya ta wannan hanya, kuma ban yi ba, ban kuma yarda yaron ya yi ba. A irin mai zanen wutsiya, mace ce take kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci sosai a lokacin. Mai jan ciki kuwa uwa da uba ne suke tsaron gida tare. Wanda ya ɗauke su a wannan wata ya ɗauke kifin baɗi.

Wannan ya kai ni ga abin da ke damuna tun zuwan farko. Na ga ana jan gidan sauro a gefen ruwa, ana kwaso ƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ban ga laifin mai yunwa ba, amma tabkin da kacalla take cinye wa fili kowace shekara ba zai jure wannan ba. Na faɗa wa sarkin ruwa, ya ce ya hana ya gaji, da ya juya baya ake komawa. Fatsar gashi ba za ta ciyar da gari ba, na riga na faɗa. Abin da take da shi shi ne zaɓi: kifi ɗaya kake kamawa, a leɓe ƙugiyar take kama shi, ba ya haɗiye ta yadda yake haɗiye tana, ka duba shi, idan ƙarami ne ko mai ƙwai ka jiƙa hannu ka zare ka mayar. A ruwa mai zafi irin namu a yi wannan da sauri, kada a ajiye shi kan rairayi.

Asabar, 19 ga Yuli

Shingen ya ja baya, fitowar da ta biyo bayan ta farko ba ta kai ta yawa ba. Fara ce ta fara bayyana a ciyawar gaɓa, ƙanana kore, kuma idan shanu suka zo shan ruwa suna tayar da su wasu suna faɗawa ciki. Na ɗaura farar silifa da ƙafafun zaren roba, mai jan ciki tana dukan ta da la'asar a gefen da iska ke turo abubuwa. Gaɓar da iska take bugawa ta fi wahalar wurgi amma ta fi kifi, don can abinci yake taruwa.

Igiyar da na tuƙa ta fara shan ruwa tana nutsewa. Shafa mata man kaɗanya yana riƙe ta na ɗan lokaci. Zan tuƙa wata da sili takwas a gindi saboda iskar damina. Samarin nan sun aiko a ce mini suna son koyon ɗauri, mun shirya Asabar mai zuwa a rumfar sarkin ruwa, da izininsa; zan kai filaya biyu da zare, su kawo gashin zabo. Tunda an yi hutun makaranta, ina son in kai sandar Lasuri cikin Agusta in ga ko baƙin talibambam zai yi aiki a can, kuma in fara ajiye ƙwarin kowane mako a ƴan kwalabe da barasar likita, da kwanan wata a jiki, don baɗi a san abin da za a ɗaura kafin ya fito.